Tsakanin Gadon Asibiti da Ɗakin Gida: Fashin Baƙi Kan Tallafin Gwamnati ga Masu Cutar Mantuwa

Mai cutar mantuwa ba kasafai mantuwar ce ke kai shi asibiti ba. Abin da yakan kai shi shi ne faɗuwar da ta karya masa ƙugu, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara da ya zo da zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa a jiki saboda ya wuni bai tuna ya sha ba. Likitoci sun san yadda za su yi da kowanne daga cikin waɗannan, kuma galibi cikin mako ɗaya ko biyu sun kammala nasu aikin. Sai dai a asibitoci da yawa za a tarar da irin wannan mara lafiya yana nan kwance bayan wata guda, an cire masa ƙarin ruwa, an gama allurai, likita ya rubuta cewa ya isa sallama, amma babu inda za a kai shi. Matarsa ta tsufa, ba za ta iya ɗaga shi ba. 'Ya'yansa suna wurin aiki ko suna wani gari. Gidan kula da tsofaffi ya cika, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin iyalin, ko ma babu shi sam a yankin. A daidai wannan lokaci kuma akwai wani mara lafiyan a sashen gaggawa, kwance a gadon turawa, yana jiran gadon da wancan yake kai.

Duk mai son fahimtar batun tallafin gwamnati ga masu cutar mantuwa, daga wannan gado ya kamata ya fara, domin a kansa ne ake gane cewa abubuwa biyun da gwamnatoci suka saba rabawa a kasafin kuɗi, wato aikin asibitin yanki da kuma jinyar yau da kullum, igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Kuɗin da aka ƙi kashewa a kan mai zuwa gida ya yi wa tsoho wanka ya ba shi magani, a asibiti ake biyansa, kuma da tsada ninkin ba ninkin.

Tsohon sunan da aka san wannan hali da shi shi ne gigin tsufa, kuma sunan yana ɗauke da wata fahimta da ta game duniya, cewa ruɗewa wani ɓangare ne na tsufa kamar furfura da zubewar haƙori. A binciken da ƙungiyar Alzheimer's Disease International ta wallafa a 2019, mutum biyu cikin uku na waɗanda aka tambaya haka suka ɗauka, kuma abin mamakin shi ne kashi 62 cikin 100 na ma'aikatan lafiya ma ra'ayinsu ke nan. Alhali kuwa cuta ce, ko kuma a ce tarin cututtuka ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har su taɓa tunani da magana da sanin hanya da iya yanke shawara, daga ƙarshe su taɓa tafiya da haɗiya. Wadda ta fi yawa ita ce cutar Alzheimer, mai ɗauke da sunan likitan nan ɗan Jamus, Alois Alzheimer, wanda ya bayyana ta a 1906, kuma ita ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama da matsalar. Akwai wadda toshewa ko fashewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke haddasawa, wadda kan biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, akwai mai zuwa da gane-gane da sandarewar gaɓoɓi, akwai kuma mai fara canja halin mutum tun kafin ya fara mantuwa, wadda kan kama masu shekara 50 ko 60. Muhimmancin wannan bambanci ga gwamnati a fili yake: abin da aka ɗauka tsufa ne kawai, ba a ware masa kasafi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da cutar, fiye da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi, kuma kowace shekara ana samun sababbin kamuwa kusan miliyan 10. Hasashen hukumar shi ne adadin zai kai miliyan 139 a 2050. An ƙiyasta cewa a 2019 cutar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, amma adadin da ya fi wannan bayyana gaskiyar lamarin shi ne cewa kusan rabin wannan kuɗi ba daga aljihun wata gwamnati ya fito ba. Ƙimar aikin da iyalai ke yi ne ba tare da an biya su ba, kimanin sa'a biyar a kowace rana, kuma kashi 70 cikin 100 na waɗannan sa'o'i mata ne ke yin su. Saboda haka idan aka ce gwamnati tana tallafa wa jinyar masu cutar mantuwa, a zahiri iyalai ne suka daɗe suna tallafa wa gwamnati, kuma tambayar ita ce nawa daga cikin wannan nauyi hukuma ta yarda ta karɓa.

A nan gizo ke saƙa. Tsarin lafiyar yawancin ƙasashe an gina shi ne a kan cutar da ake yi wa magani ta warke ko ta yi kisa cikin ɗan lokaci. Cutar mantuwa kuwa takan ɗauki shekaru, wani lokaci fiye da goma, kuma mafi yawan abin da mai ita ke buƙata ba likita ne ke yin sa ba: a tashe shi, a wanke shi, a ciyar da shi, a tsare ƙofa kada ya fita cikin dare ya ɓata, a zauna da shi lokacin da yamma ta yi hankalinsa ya tashi yana neman mahaifiyarsa da ta rasu shekara 40 da suka wuce. Gwamnatoci da yawa sun sanya wannan aiki a wani aljihu dabam da na lafiya, mai dokoki dabam, wanda sau da yawa ƙananan hukumomi ne ke riƙe da shi da ɗan abin da ke hannunsu.

Ingila ce misalin da ya fi fito da wannan rabuwa. A can, mai cutar kansa yana samun tiyata da magunguna da jinya kyauta a ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, komai arzikinsa. Mai cutar mantuwa kuwa, da yake buƙatarsa ta faɗa a aljihun kula da jama'a, sai an auna dukiyarsa tukuna, kuma wanda ya mallaki abin da ya haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa, adadin da bai motsa ba tun 2010. Idan ya koma gidan kula da tsofaffi kuma babu abokin zama da ya rage a gidansa, ana iya lissafa gidan cikin dukiyar. A 2011 kwamitin da masanin tattalin arziki Andrew Dilnot ya jagoranta ya ba da shawarar a ƙayyade iyakar abin da mutum zai kashe daga aljihunsa a tsawon rayuwarsa, ya kuma ambaci fam 35,000. Gwamnatoci suka yi ta ɗage lamarin. A zaɓen 2017 shawarar da Firaminista Theresa May ta kawo kan biyan kuɗin jinya ta jawo mata suka har aka laƙaba wa shawarar suna harajin mantuwa, ta kuma sassauta ta cikin 'yan kwanaki. A 2021 gwamnatin Boris Johnson ta sanar da iyakar fam 86,000, aka ɗage fara aiki da ita daga 2023 zuwa 2025, sannan a watan Yulin 2024 sabuwar gwamnati ta soke ta gaba ɗaya. Shekara 13 ke nan ana kai gwauro ana kai mari. Sakamakon kuma a asibitocin yankuna yake bayyana, inda a lokutan hunturun baya-bayan nan akan samu fiye da mutum 12,000 a kowace rana kwance a gadajen asibitocin Ingila alhali sun isa sallama, kuma ƙiyasin da aka daɗe ana ambatawa shi ne gado ɗaya cikin huɗu mai cutar mantuwa ne ke kai. Sikotlan, da ke cikin Birtaniya ɗaya da Ingila, ta bi wata hanya tun 2002, lokacin da ta mayar da taimakon wanka da sutura da ciyarwa kyauta ga masu shekara 65 zuwa sama, ta kuma faɗaɗa shi zuwa waɗanda ba su kai wannan shekaru ba a 2019.

A Amurka ma tsugune ba ta ƙare ba. Shirin Medicare na tsofaffi yana biyan likita da asibiti, amma ba ya biyan doguwar jinya, shirin Medicaid na marasa galihu ne ke biya, don haka iyalai da yawa sai sun kusa ƙarar da abin da suka tara kafin su cancanta.

Wasu ƙasashe sun fuskanci matsalar gaba da gaba ta hanyar ƙirƙiro inshora ta musamman don doguwar jinya. Jamus ta fara tata a 1995, ma'aikaci da mai ba shi aiki suna zuba wani kaso na albashi, kuma iyali na da zaɓin karɓar kuɗi a hannu su yi jinyar da kansu, ko a turo musu ma'aikata. Inshorar ba ta ɗaukar dukkan nauyin, wani kaso kawai take biya. Akwai kuma darasi a kuskuren da aka yi da farko: ma'aunin cancanta yana ƙirga mintocin da mutum ke buƙatar a taimaka wa jikinsa ne, wanka minti kaza, ciyarwa minti kaza. Tsohuwar da ke iya wanka da kanta amma ta kan bar wuta a kunne ta fita titi ba ta san inda za ta ba, sai ma'aunin ya nuna ba ta da wata buƙata ta a zo a gani. Sai a watan Janairun 2017 aka sauya tsarin daga matakai uku zuwa biyar, ana auna yadda mutum ke iya tafiyar da rayuwarsa da kansa, har da lafiyar tunaninsa. Fiye da shekara 20 ke nan dokar tana nan, kuɗin yana nan, amma ma'auni ya rage wa masu cutar mantuwa rabonsu. Mai bibiyar manufofin gwamnati ya kamata ya riƙa duba takardar tantancewa kafin ya duba jimillar kasafi.

Labarin Japan ya fi kowanne dacewa da batun asibiti. A 1973 ƙasar ta mayar da magani kyauta ga masu shekara 70 zuwa sama, ba tare da ta tanadi isassun wuraren jinya ko masu zuwa gida ba. Abin da ya biyo baya shi ne asibitoci suka cika da tsofaffin da ba magani suke buƙata ba, wasu na kwance watanni ko shekaru, domin asibiti ne kaɗai wurin da iyali za su ajiye su ba tare da sun biya ba, kuma ba tare da an ce sun yar da iyayensu ba. Har suna Japanawa suka yi wa lamarin, mai ma'anar kwanciyar asibiti saboda halin zamantakewa. An janye kyautar a 1983, amma gyaran na haƙiƙa sai a watan Afrilun 2000 ya zo, da inshorar doguwar jinya wadda kowa ke fara biya daga shekara 40, ƙananan hukumomi ke gudanarwa, rabin kuɗinta daga haraji rabi daga gudummawar masu inshora, mai amfana kuma galibi kashi 10 cikin 100 yake biya. Saɓanin Jamus, Japan ta ƙi ba iyalai kuɗi a hannu, kuma cikin masu adawa da ba da kuɗin har da ƙungiyoyin mata, waɗanda suka ga cewa hakan zai ƙara ɗaure matan 'ya'ya maza a gida suna jinyar surukai. A 2004 gwamnati ta sauya sunan cutar a hukumance saboda tsohon sunan yana da ma'anar wauta, daga 2005 ta fara horar da talakawan gari, masu shaguna da ma'aikatan banki da ɗalibai, kan yadda za su gane mai cutar su taimaka masa, har adadinsu ya wuce miliyan 10, sannan a 2023 majalisa ta zartar da doka ta musamman kan cutar. Koriya ta Kudu ta bi sahu da tata inshorar a 2008, kuma daga 2017, a zamanin Shugaba Moon Jae-in, ta kafa cibiyoyi 256 na cutar mantuwa a jikin cibiyoyin lafiya na gundumomi.

Suwidin kuwa dabara ɗaya ta yi wadda ta nuna cewa matsalar ta lissafi ce. A gyaran da ta yi a 1992 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kula da tsofaffi, ta kuma ce duk wanda likita ya sallama amma ya ci gaba da kwanciya saboda ba a tanadar masa wuri ba, ƙaramar hukumarsa ce za ta biya asibiti kuɗin gadon. Da jinkirin ya zama asarar mai jinkirtawa, sai adadin masu jiran sallama ya ragu ƙwarai.

To, mene ne aikin asibitin yanki shi kansa? Na farko shi ne gano cutar, kuma a nan giɓin yana da faɗi, domin ƙiyasin 2021 ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na masu cutar a duniya ba a taɓa tabbatar musu da ita ba, a wasu ƙasashe matalauta ma adadin yakan kai kashi 90. Akwai masu cewa mene ne amfanin gano cutar da ba ta da magani. Amsar farko ita ce ba duk mantuwa ce wannan cuta ba. Ƙarancin bitamin B12, da raunin aikin ƙullin maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki, da ciwon damuwa mai tsanani, da taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, da illar haɗa magunguna barkatai, duk suna iya yin kama da ita, kuma ana iya magance su. Gwajin jini da tambayoyin auna tunani da zama da wanda ya san mara lafiyan sosai sun isa a raba mafi yawansu, kuma babu ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti. Amsa ta biyu ita ce iyalin da suka san abin da ke damun mahaifinsu sukan daina ɗaukar zargin satar da yake yi musu a matsayin ƙiyayya, su kuma samu damar tsara batun dukiya da wakilci tun yana da sauran hankalin da zai faɗi abin da yake so. A wuraren da ba a san cutar ba, tsofaffin mata masu yawo suna sambatu sun sha fuskantar zargin maita da duka. Amma ganowar da babu komai a bayanta zalunci ne, a faɗa wa mutum sunan cutarsa a sallame shi da takarda. Shi ya sa alƙawarin da Sikotlan ta ɗauka a 2013, na cewa duk wanda aka gano yana da cutar za a haɗa shi da ma'aikaci takamaimai da zai bibiye shi aƙalla shekara guda, ya fi burge ni a kan burin Ingila na gano kashi biyu cikin uku na masu cutar, wanda ƙidaya ce ta shiga ƙofa kawai.

Na biyu shi ne abin da ke faruwa a ɗakin kwanciya, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ciwo, domin asibiti kansa yana iya illata mai cutar mantuwa. An raba shi da ɗakin da ya sani da fuskokin da ya sani, fitilu ba sa mutuwa, ana tashinsa tsakar dare a auna jini, an ajiye masa abinci a rufe an dawo an ɗauke an rubuta cewa ya ƙi ci, tabaransa da na'urar jinsa suna gida. Cikin kwana biyu sai ɗimuwa ta farat ɗaya ta hau kan mantuwar da yake da ita, ya fara fizge robar ƙarin ruwa yana ihu, ko kuma ya yi shiru ya daina motsi, wanda ya fi haɗari saboda babu mai lura. Tsohon da ya yi mako biyu a kwance tsokar ƙafafunsa takan zube, wanda ya shigo da ƙafarsa sai ya fita a keken guragu, kuma daga nan komawa gida ta yi wuya. Binciken da likitar nan Sharon Inouye ta jagoranta a jami'ar Yale, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ana iya kauce wa kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan ɗimuwa da abubuwa marasa tsada: a tuna wa mara lafiya rana da wurin da yake, a ba shi ruwa, a tashe shi ya taka, a bar shi ya yi barci da dare, a mayar masa da tabaransa. Duk waɗannan lokacin ma'aikaci suke ci, kuma lokacin ma'aikaci shi ne abin da ake fara yankewa idan kasafi ya ƙuntata.

Inda ma'aikata suka yi kaɗan, allurar kwantar da hankali ce ke maye gurbinsu. A 2009 Farfesa Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoton da ya ƙiyasta cewa masu cutar mantuwa kusan 180,000 ake ba magungunan taɓin hankali, waɗanda ke amfana da su ba su wuce 36,000 ba, kuma magungunan na jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 a shekara. Tun a 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi kan haɗarinsu ga tsofaffi masu wannan cuta. Sau da yawa tsohon da ke ihu ciwo yake ji, ko fitsari ya matse shi, ko tsoro ne, bai kuma da kalmomin da zai faɗa. Wanda ya fi kowa iya fassara wannan ihu shi ne mai jinyarsa na gida, shi ya sa gangamin da aka fara a Birtaniya a 2014 na neman a bar masu jinya su zauna da nasu a asibiti ba tare da ƙayyade lokacin ziyara ba ya samu karɓuwa a ɗaruruwan asibitoci. A ƙasashen da dangi ne dama ke kwana a gindin gado suna yin rabin aikin ma'aikatan jinya, matsalar a juye take: suna nan, amma babu mai koya musu komai, babu kuma mai tambayarsu abin da suka sani.

Akwai kuma takaddamar rufe ƙananan asibitoci ko haɗe su da manya, wadda kan tayar da jijiyoyin wuya a kowace ƙasa. Masu goyon bayan haɗewa suna da hujja mai ƙarfi, domin tiyata mai wuya da maganin shanyewar ɓarin jiki sun fi nasara a inda ƙwararru ke yin su kullum. Sai dai hujjar ba ta hau kan cutar mantuwa daidai ba. Abin da mai ita ya fi buƙata shi ne kusanci: wurin da za a duba shi da rana ya koma ya kwana a ɗakinsa, 'yan gadajen farfaɗowa inda zai sake koyon tafiya bayan karaya, da kuma nisan da matarsa mai shekara 80 za ta iya zuwa kullum. A Amurka fiye da asibitocin karkara 100 ne suka rufe ko suka daina kwantar da marasa lafiya tun daga 2010, kuma karkara ce ta fi yawan tsofaffi. A ganina, gwamnatin da za ta ɗauke tiyata daga ƙaramin asibiti tana iya yin daidai, amma idan ta haɗa da gadajen farfaɗowa da asibitin rana ta kwashe, to ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago, domin babban asibitin ne zai cika da waɗanda ba shi da inda zai sallame su.

Sababbin magunguna sun ƙara dagula lissafin. Tsofaffin magunguna irin su donepezil da memantine suna sassauta alamomi na ɗan lokaci, ba sa tsayar da cutar. A 2023 Amurka ta amince da lecanemab, a 2024 kuma da donanemab, waɗanda ke share wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. A gwajin wata 18, lecanemab ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100, amma farashinsa ya kai dala 26,500 a shekara, ana ba da shi ta jijiya kowane mako biyu, sai an riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa saboda haɗarin kumburi da zubar jini, kuma masu matakin farko kaɗai yake yi wa amfani. Hukumar da ke tantance magungunan da NHS za ta saya ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Ci gaba ne na kimiyya babu shakka, amma ministan lafiyar da ke da kuɗi ƙayyadadde dole ya auna shi da yawan iyalan da kuɗin zai saya wa hutun kwana biyu a mako.

Ga ƙasashen da ba su da ƙarfin inshora irin ta Jamus ko Japan, inda likitan ƙwaƙwalwa ɗaya kan ɗauki nauyin miliyoyin mutane, hanyar da ta fi kusa ita ce ta asibitin matakin farko. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 yana koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba yadda za su gane cutar su kuma shawarci iyali, kuma hukumar na da wani shirin, iSupport, na horar da masu jinya a gida. Sannan akwai rigakafi. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet da Farfesa Gill Livingston ke jagoranta ya lissafa abubuwa 14 a rahotonsa na 2024 waɗanda, da za a kawar da su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, cikinsu har da ƙarancin ilimi a ƙuruciya, raunin ji, raunin gani da ba a gyara ba, hawan jini, ciwon suga, shan taba, bugun kai, gurɓatar iska da kaɗaici. Ma'aikaciyar da ke auna hawan jini a ƙaramin asibiti tana yaƙi da cutar mantuwa, ko da babu wanda ya rubuta haka a takardar aikinta.

A watan Mayun 2017 ƙasashen duniya suka amince da shirin bai ɗaya kan cutar, da burin cewa zuwa 2025 kashi 75 cikin 100 nasu za su mallaki tsari na ƙasa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya tarar kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka yi, rabinsu kuma a nahiyar Turai, don haka a 2025 aka ƙara wa'adin zuwa 2031. Ko a inda tsarin yake, bambanci na nan tsakanin wanda aka haɗa da kuɗi, kamar na Faransa na 2008 zuwa 2012 da aka ware wa yuro biliyan 1.6, da wanda aka ƙaddamar a ɗakin taro aka ajiye a durowa.

Kuɗin ma ba ya yi wa kowa wanka, sai an samu hannun da zai yi. Aikin jinya yana da nauyi, albashinsa kaɗan ne, masu barinsa kuma suna da yawa, don haka ƙasashe masu arziki suka koma neman ma'aikata a waje. Japan ta fara karɓar masu jinya daga Indunusiya a 2008, daga Filifin a 2009, daga Biyetnam a 2014. Dubban gidaje a Jamus sun dogara da mata daga Polan da sauran ƙasashen gabashin Turai da ke kwana da tsofaffinsu. Birtaniya ta buɗe wa masu wannan aiki ƙofar biza a 2022, dubun dubata suka shigo daga Indiya da Najeriya da Zimbabuwe, sannan ta rufe ƙofar a 2025. Galibin waɗannan ma'aikata sun fito ne daga ƙasashen da hasashe ya nuna cewa a can ne yawan masu cutar zai fi saurin ƙaruwa nan da 2050, kuma da yawansu sun baro iyayen da su ma shekaru suka fara cim musu, a yankunan da babu inshorar jinya, babu gidan kula da tsofaffi, asibitin da ke kusa kuma babu ko ma'aikaci ɗaya da aka horar kan cutar.